Idan Boksi Mai Dizal Ta Mutu a Hanya Kuma Ta Ƙi Tashi

Motar a-kori-kura mai shan dizal, wadda a nan Sudan kowa ke kira boksi, da ita manoma da 'yan kasuwa suke zirga-zirga daga Mai Wurno zuwa Sinja da Damazin, da kuma daga Gadarif zuwa manyan gonakin dawa da riɗi da ke kudu da garin. Injinta yana da juriya ƙwarai, amma ranar da zai mutu ana cikin tafiya, sau da yawa yakan zaɓi wurin da babu gareji, babu inda za a yi cajin batir, wani lokaci ma babu layin waya. A irin wannan wuri, abin da direba ya yi a minti goman farko shi ne zai nuna ko motar za ta koma gida da kanta ko kuwa sai an ɗaura mata igiya. Abin da ya fi ɓata al'amari shi ne a yi ta murza makulli ana jiran sa'a har batir ya ƙare, sannan a ɗauko sifana a shiga kwance duk abin da hannu ya kai, a ƙarshe a ɗora wa famfon injekta, wato famfon da ke tura mai da ƙarfi zuwa silinda, laifi alhali shi ne mafi tsada kuma ba shi ne aka fi samu da laifin ba.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. A tsofaffin injunan Toyota irin su 2L da 3L da 5L da 1HZ, ana matse iskar har ta koma kusan kashi 1 cikin 22 na girmanta na farko. Wannan zafi ba ya samuwa sai injin yana juyawa da sauri, domin idan kik yana jan ƙafa, zafin yakan zurare cikin ƙarfen silinda kafin man ya iso. Don haka batirin da ya yi sanyi yana iya hana lafiyayyen inji tashi ko da an riga an gyara abin da ya kashe shi. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda, a bar shi ya huta kamar minti ɗaya, kuma kada a murza makulli sai akwai abin da ake son gani ko ji a wannan murzawar.

Kafin komai, a gangarar da motar gefen hanya tun tana da sauran gudu, da sanin cewa da zarar inji ya mutu sitiyari zai yi nauyi, birki kuma zai yi tauri bayan an taka shi sau biyu ko uku. A ja birkin hannu, a sa dutse a taya, a ajiye alama ko rassan itace nesa kaɗan a bayanta, musamman a kan titin Madani zuwa Gadarif inda manyan motoci ba sa rage gudu.

Yadda ta mutu

Shaidar farko tana wurin direba, kuma ya kamata ya tuna ta daki-daki tun bai buɗe bonet ba. Idan motar ta fara rasa ƙarfi ne a hawa, tana fizga, ta farfaɗo, ta sake shaƙewa, sannan ta mutu a hankali, to kusan kullum mai ne bai isa ba: ko tanki ya ƙare, ko filta ta toshe, ko iska ko ruwa ya shiga layin mai. Idan kuwa ta ɗauke ne farat ɗaya kamar an kashe makulli, ba tare da gargaɗi ba, sai a fi zargin wuta, wato fis ko waya ko na'urar da ke buɗe wa mai hanya, ko kuma bel ɗin tayimin, wanda ke daidaita buɗewar bawul da juyin inji. Akwai kuma nau'i na uku, wanda shi ne mai haɗari: motar da ta mutu da ƙara, ko allurar zafi tana kan ja, ko fitilar baƙin mai tana kunne, ko kuma tana tsakiyar ruwa. Wannan ba a sake yi mata kik sai an duba ta.

A lokacin damina, idan boksi ta mutu wajen ƙetare kwari mai ruwa, a buɗe gidan filtar iska. In filtar ta jiƙe, to ruwa ya kai silinda ko yana daf da kaiwa, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka kik guda ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. A fitar da motar daga ruwan da ja, a kwance dukkan hita, wato fulogan da ke ɗumama silinda kafin a tada inji, a cire wayar da ke ba famfon mai wuta, sannan a juya injin har ruwan ya gama fitowa ta ramukan. A duba sandar baƙin mai. In ya koma fari-fari kamar madara, sai an yi juye. Wadda ta kafe a baƙar laka ta Gadarif kuma, a leƙa bakin salansa, domin laka takan toshe shi, inji kuwa ba ya tashi in ba shi da inda zai fitar da hayaƙi.

Idan zafi ne ya kashe ta, a jira ta huce sosai kafin a taɓa murfin lagireto. Bayan ta huce, a sa ta a furi, a ɗora sifana a notin fulin da ke ƙasan injin ta gaba, a gwada juya shi da hannu. In ya ƙi motsi, inji ya ƙame, babu abin da ya rage sai ja. In yana juyawa, a duba ruwa da baƙin mai kafin a ci gaba.

Bel ɗin tayimin yana da tasa alamar. Idan ya tsinke, kik yakan juya da sauri fiye da yadda aka saba, da sauti mara nauyi, kamar injin ba shi da komai a ciki. Murfin bel na sama yana fita ba da wahala ba, kuma da an ɗaga shi za a ga ko bel ɗin ya yanke ko haƙoransa sun zube. A injunan 2L da 3L da 5L ana canza shi a kilomita 100,000, a 1KD da 2KD kuma a kilomita 150,000, sababbin 1GD da 2GD kuwa sarƙa gare su. Matsalar ita ce boksi da yawa sun wuce ta hannu uku ko huɗu, kuma fitilar da ke tunatar da canjin bel ana iya kashe ta ba tare da an canza komai ba. In bel ne, a daina kik nan take, domin bawul suna karo da fistin a duk juyi.

Kik da hayaƙi

Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, sai a saurari kik. In ba ya juyawa sam, ko yana yin ƙas-ƙas kawai, a kunna fitilun gaba a sake gwadawa. Fitilun da suka dushe gaba ɗaya suna nuna batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti ko sun saki. Waɗanda suka tsaya da haskensu kuma suna nuna laifin yana ga kik ɗin kansa ko wayarsa, kuma wani lokaci ɗan bugu da sifana a jikinsa yakan sa ya kama sau ɗaya. A kankare kawunan batir, a ɗaure su tamau, a duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji. Mai mita zai ga cikakken batir yana ba da wajen bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 ba lokacin kik. In fitilar batir ta daɗe tana kunne kafin motar ta mutu, to altaneta ya daina caji ko bel ɗinsa ya tsinke, motar ta yi ta cin batir har wutar da ke riƙe hanyar mai a buɗe ta ƙare. Wanda zai roƙi wuta daga wata mota ya tabbatar ita ma ta bolt 12 ce, domin manyan motoci da yawa na 24 ne, kuma haɗa su kai tsaye yana ƙona kwamfuta da fitilu.

In kik yana juyawa da ƙarfinsa, a sa yaron mota ya tsaya a baya ya kalli salansa. Rashin hayaƙi kwata-kwata yana nufin ko ɗigon mai ba ya kaiwa silinda, kuma wannan shi ne abin da aka fi gani. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal yana nufin man yana zuwa amma ba ya kamawa, ko don ruwa ya gauraya da shi, ko tayimin ya goce, ko matsi ya yi ƙasa. Baƙin hayaƙi kuma iska ce ta gaza, kuma bayan guguwar habub ba abin mamaki ba ne a tarar filtar iska ta cika da ƙasa. A cire ta, a kakkaɓe, a gwada. Hita ba sa kashe motar da ke tafiya, kuma inji mai zafi bai cika bukatarsu ba, saboda haka ba nan ne wurin ɓata lokaci ba, sai fa in motar ta kwana a sanyin Janairu.

Kafin a ɗora sifana a kan layin mai, dole ne a san irin injin, domin abin da ya halatta a wani haɗari ne a wani. Shekarar mota kaɗai ba ta wadatar ba: Hilux ta fara komawa injunan D-4D na komon rel, inda duk nozul ke shan mai daga bututu ɗaya mai matsi, tun farkon shekarun 2000, amma an ci gaba da sayar da mai injin 5L-E a ƙasashen Afirka shekaru da yawa bayan haka. A duba da ido. In bututan ƙarfe huɗu, ko shida a Land Cruiser mai 1HZ, sun fito daga bayan famfo kowanne ya nufi nozul ɗinsa, to famfo ne na gargajiya. In kuwa bututan sun fito ne daga wani kauri mai kama da sanda da ke kwance a gefen inji, kuma kowane nozul yana da soket na waya, to komon rel ne.

Daga tanki zuwa nozul

Nan ne mafi yawan aikin yake. Tun can gonakin da ke nesa da gari suna ajiye dizal a ganga, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 motoci da yawa suna shan man jarka da ba a san hannayen da ya bi ba. Gangar da ta sha rana da raɓa tana tara ruwa da tsatsa a ƙasanta, duk kuwa abin da ke ƙasan ganga a filta yake ƙarewa. Tambayar farko ga direba ita ce: a ina aka sha mai na ƙarshe, kuma kilomita nawa aka yi bayansa? Motar da ta mutu jim kaɗan bayan an zuba mata mai ta riga ta faɗi inda za a duba.

A fara da buɗe murfin tanki ana saurare. In aka ji tanki ya ja iska da ƙarfi, to ramin numfashinsa ya toshe da ƙura, famfo ya yi ta zuƙa har ya kasa. Barin murfin a sassauce yana iya kai motar gida. Kada a amince da allurar mai, musamman a tsohuwar mota, kuma a tuna cewa tankin da ya rage kwata yana iya ba famfo iska a gangare ko a hanya mai gargada. Daga nan sai filta. A ƙasanta akwai ɗan makulli na roba da ake zubar da ruwa da shi. A sassauta shi, a tara abin da ya fito a cikin tsabtatacciyar gorar ruwa mai haske, a ajiye ta minti biyu. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa da layi a bayyane tsakaninsu. A ci gaba da zubarwa ana danna famfon hannu da ke saman filtar har sai mai zalla ya fito. A sansana shi kuma, a ɗiga a takarda: fetur yana bushewa nan da nan, dizal yana barin tabon maiƙo. In an gane an zuba fetur, ko an cika man da kananzir, kada a tada motar sai an zubar da tankin, domin man da ke wucewa ta cikin famfo shi ne kaɗai abin da ke sa ƙarafansa santsi.

Famfon hannun nan yana ba da labari mai yawa ga wanda ya san sauraronsa. In an danna shi sau da yawa ya yi tauri, to mai ya cika layin har zuwa famfon injekta. In an yi ta dannawa sau talatin ko arba'in bai yi tauri ba, ko dai tanki ya ƙare, ko iska tana shiga ta wani wuri, ko shi kansa famfon hannun ya lalace, abin da yake faruwa sosai a tsofaffin Hilux. In kuwa an danna ya lotsa ya ƙi dawowa sama, to akwai toshiya tsakaninsa da tanki. A cire tiyon da ya zo daga tanki, a buɗe murfin tankin, a hura iska ta tiyon har a ji ɓulɓuli a ciki. Wannan yana ture dattin ne kawai daga ragar da ke cikin tanki, kuma zai dawo, amma ya isa a kai gari.

Shigar iska ita ce ta fi wahalar da mutane, saboda ana neman inda mai ke ɗiga, alhali layin da ke tsakanin tanki da famfo zuƙa yake yi, ba turawa ba. Tsagewar da ba ta fitar da ko ɗigo ɗaya tana iya shigar da iskar da za ta kashe inji. A bi tiyo da hannu ana lanƙwasa shi, musamman a bakinsa inda zafi ya busar da roba, a duba zoben robar filta, da makullin zubar da ruwa ko an ɗaure shi. Guntun tiyo mai haske da aka sa tsakanin filta da famfo yana nuna kumfa ƙuru-ƙuru. Gwajin da ya fi raba gardama kuwa shi ne na jarka: a zuba tsabtataccen dizal a ƙaramar jarka, a ɗora ta sama da filta, a sa tiyon shiga a cikinta, a mayar da tiyon da ke komar da rarar mai cikinta shi ma, in ba haka ba za ta ƙare cikin 'yan mintuna. In motar ta tashi da jarka, an wanke famfo da nozul daga zargi, laifin yana tanki ko layinsa. In ta ƙi, a canza filtar. A ganina duk boksin da ke fita daji ba tare da sabuwar filta a bayan kujera ba ganganci ake yi da ita, kuma mai shan man ganga ya kamata ya riƙa canza ta a rabin nisan da littafin mota ya faɗa.

Bayan an gyara ko an canza, sai cire iska. A famfon gargajiya, a cire tiyon da ke fita daga filta, a danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, a mayar. A sassauta notin da ke saman famfon injekta inda rarar mai ke fita, wanda galibi an rubuta OUT a kansa, a ci gaba da dannawa har shi ma ya zubo mai zalla, a ɗaure. Kada a musanya wannan noti da na shiga ko da sun yi kama, domin yana da ɗan ƙaramin rami da ke riƙe matsin cikin famfo. Sannan a sassauta notin bututan ƙarfe a bakin nozul da sifana 17, rabin juyi kawai, a taka totur har ƙasa, a yi kik na daƙiƙa goma, hannu da fuska suna nesa. In mai yana tsartuwa ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure su a tada motar. Za ta yi ɗan gurnani da hayaƙi kafin ta daidaita. In kumfa ke fitowa, akwai sauran iska. In babu abin da ya fito alhali mai ya cika famfon, to a koma ga solanoyid.

Solanoyid ɗan bawul ne na lantarki da ke saman bayan famfo, kusa da inda bututan ƙarfe suka fito, kuma waya ɗaya ce ke zuwa masa. Shi ne yake kashe mota idan an kashe makulli. A ɗora yatsa a kansa, wani ya kunna makulli ya kashe. Ya kamata a ji ƙas. In ba a ji ba, a duba fis, sannan a ja waya daga kan batir mai alamar tarawa a taɓa masa. In ya yi ƙas da wannan waya, shi lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isowa, kuma ana iya tafiya a haka a cire wayar in za a kashe. In ya ƙi, a share wurin fes, a kwance shi da sifana 24, a cire ɗan sandan da ke ciki da sifirin ɗinsa, a mayar da gangar jikin. Motar za ta tashi, amma makulli ba zai kashe ta ba. Sai an taka birki, an sa babban giya, an saki kuloci. A dubi bakin ɗan sandan da kyau: in akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, famfon ya fara cin kansa. Injin 5L-E ba ya karɓar wannan dabara, domin kwamfuta ce ke sarrafa famfonsa.

Akwai kuma boksin da ke tashi lafiya da safe, amma in ta yi zafi ta mutu sai ta huce awa guda. Sau da yawa kan famfon ne ya sassaƙe, zafi ya ƙara masa tazara, man ya yi ruwa-ruwa, matsi ya zube. Masu gyara sukan gwada da zuba ruwa a hankali a bayan famfon. In ta tashi bayan haka, an gano cutar. Ruwan ya zama na jarka da ya sha rana, ba mai ƙanƙara ba, kuma a ɗauke shi gwaji, domin famfon da ya kai wannan mataki sai benci, wato injin gwada famfo na gareji.

Idan komon rel ce

Dokar farko a nan ita ce kada a sassauta bututun ƙarfe ko ɗaya ana kik. Nozul na gargajiya yana buɗewa a matsin da bai wuce bar 150 ba ko kusa da haka, amma layin komon rel yana kai bar 1,300 zuwa sama, na sababbi ma ya haura 2,000, kuma man da ya tsarto da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama. Ban da haka, sassauta bututun ba ya amfana komai, domin kwamfuta ba ta buɗe nozul sai matsin ya kai wani mataki, bututu a buɗe kuwa ba zai bari ya kai ba. Duk abin da aka faɗa game da tanki da ruwa da filta da famfon hannu da jarka yana aiki a nan, har ma ya fi muhimmanci, domin waɗannan injuna ba sa yafe datti. Ba a tafiyar da su babu filta ko na kilomita ɗaya, kuma sabuwar filta da famfon hannu ake cika ta, ba da zubawa daga jarka ba.

Ta ɓangaren wuta, a kunna makulli a dubi fitilar inji. In ba ta kama ba, kwamfutar ba ta samun wuta, sai a duba fis da rile masu rubutun EFI ko ECD, a musanya rilen da wani irinsa daga cikin akwatin. In fitilar tsaro tana ƙyaftawa, motar ba ta gane makullin ba, a gwada na ajiya. Lokacin kik a kalli allurar juyin inji. In ba ta motsa ko kaɗan ba, a zargi sansar da ke ƙirga juyin kiranshaf ko soket ɗinta, wanda laka da ciyawa sukan fizge. Ƙaramar na'urar karanta lambobin kwamfuta da ake haɗawa da wayar hannu ba ta da tsada, kuma tana rage kame-kame: P0335 tana nuni ga waccan sansa, P0087 matsin mai ne ya yi ƙasa, P0093 kuma kwamfuta ta ga alamar mai yana zurarewa da yawa. A rubuta lambar kafin a goge ta. A injunan 1KD da 2KD, bawul ɗin da ke bayan famfo mai auna man da zai shiga, wanda ake kira SCV, sananne ne da kashe mota idan datti ya kama shi, kuma ana canza shi shi kaɗai ba sai an sayi famfo ba. Nozul guda da ke mayar da mai da yawa zuwa tanki shi ma yana hana matsi taruwa, amma auna wannan aikin gareji ne.

Turi yana amfani ga mota mai giyar hannu idan batir ne kaɗai ya gaza: makulli a kunne, giya ta biyu, a saki kuloci bayan ta ɗauki gudu. Tsohon inji yana bukatar 'yar wutar da za ta buɗe solanoyid, komon rel kuwa ba zai tashi ba in batirin ya mutu murus. Ba a tura motar da ake zargin bel ɗinta ko wadda ta sha ruwa. Dabarar kara tsumma mai fetur a bakin iska, wadda wasu ke alfahari da ita, ban ga dalilin yarda da ita ba: fetur yana iya kamawa a kan hita mai zafi tun fistin bai kai sama ba, ya fasa zobe ko ya mayar da wuta ga hannun mai riƙe da tsumman, kuma ko ta tashi ba a san abin da ya kashe ta ba.

Idan duk wannan bai tada ta ba, sai a ja ta zuwa unguwar masu gyara a Sinnar ko Gadarif ko Kasala, da sandar ƙarfe in akwai, domin birkinta ba abin dogaro ba ne. A tafi wa usta, wato bakanike, da gorar man da aka tara da tsohuwar filta, a faɗa masa yadda ta mutu, da launin hayaƙi, da abin da famfon hannu ya yi, da ko ta tashi da jarka. In ya ce ɗurumba ce, wato famfon injekta, a nemi a ɗora ta a benci a gwada ta tare da nozul kafin a yi maganar saye. In kuma aka ga ɓurɓushin ƙarfe ko tsatsa a cikinta, a sauke tanki a wanke shi, a busa layukan mai, a sa sabuwar filta tun kafin a ɗaura gyararren famfon, sannan gangar da man ya fito a bar ta ta kwana a tsaye, a riƙa ɗiba daga sama ana tacewa, a bar tsawon tafin hannu na ƙasanta don wanke kayan gyara.